Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Rayuwar 'Yan Wasan Kura da Yaransu a Bayan Fage

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Kusan duk ɗalibin Hausa ya san wannan karin magana, kuma shi ne mukan kawo a jarrabawa idan an nemi misalin da ke nuna yadda wani ke shan wahala wani kuma yana kwasar riba. Sai dai ba kowa ne a cikinmu ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa wane ne wannan gardin ba, ko ina yake kwana, ko me kurar take ci, ko kuma su wane ne yaran nan da ke biye da shi ɗauke da ganga da akwatin maciji. Abin da 'yan kallo ke gani a bakin kasuwa bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. Sauran yinin yana tafiya ne a inda idon ɗan kallo ba ya kaiwa.

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ayarin gardawa ke gudanar da rayuwarsa ta yau da kullum, tun daga asuba har zuwa kwanciya. Na ɗauki garin Abaji a matsayin misali domin nan ne garinmu, kuma nan ne nakan sami damar zama da irin waɗannan baƙi a lokutan hutu. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, wasan da ake yi a dandali talla ne. Ainihin sana'ar tana bayan fage, kuma mafi yawan nauyinta yana wuyan yara da dabbobi.

Wane ne Gardi?

Kalmar gardi, wadda jam'inta shi ne gardawa, tana da ma'ana biyu sanannu a Hausa. Ta farko ita ce baligin almajiri wanda ya yi nisa a karatun allo, ya wuce matsayin ƙolo da titibiri, amma bai kai alaramma ba. Ta biyu ita ce mutumin da ya ɗauki wasa da miyagun dabbobi sana'a, kamar kura da maciji da biri. Wannan ta biyun ce ta shafe mu a nan. Kada kuma a rikita ta da garɗi mai ɗ, wato daɗin da ake ji a soyayyar gyaɗa ko gasasshiyar masara.

Gardawa wani ɓangare ne na babban rukunin 'yan wasan gargajiya masu yawo gari-gari. A cikin rukunin akwai 'yan tauri masu wasa da wuƙa, da 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jikinsu, da 'yan dabo masu rufa ido, da 'yan kama da 'yan gambara masu ba da dariya. Masana sun yi rubutu a kan wasu daga cikinsu. Alal misali, C.G.B. Gidley ya yi nazarin 'yankamanci a shekarar 1967, Ziky Kofoworola da Yusef Lateef kuma suka fitar da littafinsu kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa a 1987. Duk da haka, akasarin abin da muke karantawa a aji ya fi mayar da hankali ne kan abin da ake faɗa ko ake rerawa a gaban jama'a. Aikin da ke sa a kai ga dandalin ba a cika waiwayarsa ba.

Abaji a Kan Hanyar Gardawa

Abaji ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙira a shekarar 1976. Sauran su ne Abuja ta cikin gari da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Garin yana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, kuma shi ne babban gari na ƙarshe kafin a shiga Jihar Kogi ta Koton Karfe. Duk ayarin da ya taso daga Kano ko Zariya ko Katsina ya nufi Kudu ta wannan hanya, to sai ya ratsa ta Zuba da Gwagwalada da Kwali kafin ya iso mana. Wannan ne ya sa Abaji ta zama zango.

Mazauna garin sun haɗa da Egbira da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani, a ƙarƙashin sarautar Ona na Abaji. Kowa da harshensa a gida, amma a kasuwa da tasha Hausa ce ke haɗa mu. Ni kaina a can na koye ta kafin in karanta ta a makaranta. Saboda haka gardi ba ya buƙatar tafinta a Abaji, ko da yake mafi yawan masu kallonsa ba Hausawa ba ne.

Gardawa sun fi zuwa bayan kaka, daga lokacin da aka cire amfanin gona har zuwa bazara. Dalili kuwa a fili yake: a lokacin ne manomi ya sayar da doya da dawa da riɗi, aljihunsa ya yi nauyi, kuma ruwan sama ba zai watsa taro ba. Da damina ta kankama, da yawansu sukan koma gida noma. Ke nan yawon gardawa wani nau'i ne na cin rani.

A wannan yanki ne duniya ta fara sanin gardawan kura sosai. A shekarar 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya tarar da wani ayari a gefen Abuja tare da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola. Ayarin ya ƙunshi maza da wata ƙaramar yarinya da kuraye uku da birai huɗu da 'yan mesa. Ya yi kwana takwas yana biye da su, ya sake dawowa a 2007, kuma a wannan shekarar ya fitar da littafin hotunansu. Kafin nan, jaridun waje sun riƙa yaɗa cewa wai 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfi. Abin da ya gani shi ne dangi masu wasa da sayar da maganin gargajiya, waɗanda suka gaji sana'ar daga iyayensu.

Tsarin Ayari

Ayarin gardawa kamar gida yake, yana da babba da ƙanana. A sama akwai shugaba, wanda yaran ke kira Maigida, ko Baba idan mahaifinsu ne ko ɗan'uwan mahaifinsu. Shi ne mai dabbobin, shi ne mai sirrin magani, kuma shi ke magana da hukuma. A ƙasansa akwai manyan gardawa, kowa da dabbar da yake riƙo. Ƙananan yara kan kira su Yaya, su kuma su kira yaran da laƙabi. Sai makaɗa. Daga ƙarshe sai samari da yara, waɗanda aikinsu ba ya ƙarewa: ɗibar ruwa, sharar makwancin dabbobi, ɗaukar kaya, dakan magani, girki, da gadi.

Idan ayari ya iso gari, ba ya fara kiɗa sai Maigida ya yi gaisuwa. Yakan je wurin Sarkin Hausawa ko mai unguwa, ya je wurin Sarkin Kasuwa, ya kuma nuna wa 'yan sanda takardun da yake da su. Bayan haka sai neman masauki. Babu mai gidan hayar da zai yarda a kwana da kura a tsakar gidansa, don haka akan sauka ne a bayan gari, ko a wani kango, ko a bayan tasha. In an yi sa'a a sami wuri mai inuwa, kusa da ruwa, kuma ba nesa da mahauta ba. Waɗannan abubuwa uku su ne ma'aunin masauki mai kyau, kuma duka ukun saboda dabbobi ne.

Daga Asuba Zuwa Hantsi

Yara ne ke fara tashi. Aikin farko shi ne ruwa, domin kura dabbar dare ce, ba ta jure zafin rana. A daji takan wuni a rami ko a kogo ko ta kwanta a taɓo, ta fito farauta bayan faɗuwar rana. Gardi kuwa da tsakar rana yake son ta yi aiki, lokacin da kasuwa ta cika. Saboda haka dole a riƙa yayyafa mata ruwa tun da safe, a kuma ɗauki jarka a bi ta da shi har dandali.

Aiki na biyu shi ne zuwa mahauta. Yaro ko biyu kan tafi da buhu su sayo ƙashi da kai da ƙafa da ragowar kayan ciki. Kura tana da muƙamuƙin da ke farfasa ƙashi, cikinta kuma yana narkar da shi, shi ya sa kashinta ke yin fari idan ya bushe. Ko wannan kashin ba a zubar da shi. Ana tsince shi a shanya, domin yana cikin kayan da za a sayar. Gardawa kan ce kurar da ta ƙoshi ta fi sauƙin sarrafawa, don haka ko ayari bai ci ba, sai an san yadda aka yi ta ci.

Birai, musamman gwaggon biri wanda wasu ke kira bika, abincinsu ya fi sauƙi: ayaba, gyaɗa, masara, rake, da ragowar tuwo. Amma sun fi kowa rigima, kuma cizonsu ba ƙarami ba ne. Mesa kuwa ba ta cin abinci kullum. Idan ta haɗiye kaza ko gafiya takan yi kwanaki tana narkarwa, kuma a wannan lokacin ba a fita da ita, domin in aka dame ta za ta amayar. Har ila yau, jikin maciji ba ya ɗumama kansa kamar namu, zafi daga waje yake samu. Da hunturu sai yaro ya fito da akwatin ya ajiye a hantsi kafin macijin ya iya motsi yadda za a yi wasa da shi.

Bayan abinci sai duba kayan aiki. Ana duba takunkumin kura, wanda akan saƙa da igiya mai kauri, a tabbatar bai ci ba. Ana duba sarƙa da maɗaurinta. Makaɗi ya ɗaure ganga. Wasu yaran kuma su zauna gaban turmi suna dakan saiwoyi da ɓawon itace, suna ƙullawa a leda ko a takarda. Sai wajen hantsi manya ke shiga kayan wasa: bante ko warki, da guraye a ƙugu, da kambuna a damtse, da layu a wuya, da akayau a ƙafa wanda ke ƙara duk lokacin da aka taka.

A Dandali

Ana fara wasa ne da kiɗa tun daga nesa. Ayari ya ratso ta cikin kasuwa ko tasha, yara na biye, har a kai filin da aka zaɓa. Jama'a da kansu ke zama katanga, su yi da'ira. Akwai hikima a jerin wasannin. Biri ne ke fara shiga, ya yi alkafura, ya gaisa da mutane, ya karɓi kuɗi daga hannunsu ya kai wa mai shi. Wannan yana jawo yara da mata, yana kuma sa dariya. Sai a fito da maciji, taro ya ɗan ja da baya amma ya ƙara yawa. Kura ce ta ƙarshe. Gardi ya ja ta, ya yi kokawa da ita, ya hau bayanta, wani lokaci ya sa a ɗora ƙaramin yaro a kanta idan iyayensa sun biya, domin akwai masu imanin cewa hakan na cire wa yaro tsoro.

A daidai lokacin da taro ya cika, hankali ya tattaru, sai kiɗa ya tsaya. Maigida ya shigo tsakiya ya fara magana. Duk abin da ya gabata share fage ne na wannan lokaci. Hujjarsa mai sauƙi ce: kun ga da idonku maciji bai yi mini komai ba, kura ta bi umarnina, to ga maganin da nake amfani da shi. A nan ne ɗalibin harshe zai ga ƙwarewa. Gardi na haɗa kirari da rantsuwa da habaici da barkwanci a cikin numfashi ɗaya. Yakan lissafa alamomin ciwo dalla-dalla har kowa ya ji kamar da shi ake. Idan ya lura akwai waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, sai ya tsoma Turancin buroka, ko ya jefa gaisuwa da harshen mutanen gari, a yi dariya.

Yayin da yake magana, yara na aiki. Ɗaya na zagayawa da faranti yana miƙa ƙulli yana karɓar kuɗi. Ɗaya na riƙe da tsumagiya yana mayar da yaran gari baya. Ɗaya na yayyafa wa kura ruwa. Ɗaya kuma yana zaune a kan akwatin maciji don kada wani mai karambani ya buɗe. Ɗan kallo ba ya lura da su, amma in ɗayansu ya yi sakaci, wasan zai iya ƙarewa a asibiti.

Inda Kuɗin Yake

Abin da ake jefa wa biri ko a liƙa wa makaɗi ba ya isa sayen abincin kura, balle kuɗin mota. Ribar tana cikin magani. Gardawa kan sayar da abin da suke cewa maganin basir ne, ko na shawara, ko na mayu, ko na firgitar yara, ko na sarar maciji da harbin kunama. Gashin kura da kashinta ma ana sayensu don turare.

A nan ya kamata mu rarrabe tsakanin abin da gardi ke faɗa da abin da aka tabbatar. Shi gardi zai ce asirin gado ne ke tsare shi. Amma akwai bayanai da ba ya kawowa a dandali. Mesa ba ta da dafi, matse abin farautarta take yi. Macizai masu dafi irin su gamsheƙa kuwa, sanannen abu ne cewa masu wasa da su a ƙasashe da dama kan cire musu haƙoran dafi. Haƙoran nan suna sake fitowa, wannan kuwa haɗari ne ga yaron da ke buɗe akwati kowace safiya. Bugu da ƙari, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi a cikinsa ba, shi ya sa wani kan warke ya ɗauka magani ne ya yi aiki.

Batun ba na wasa ba ne ga manoma irin na yankinmu. Kububuwa tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a filayen Nijeriya, kuma maganin da aka tabbatar yana karya dafinta shi ne allurar da ake yi a asibiti, irin wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a kanta. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sarar maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wanda ya dogara da ƙullin da ya saya a kasuwa ya jinkirta zuwa asibiti, yana iya rasa ƙafa ko rai.

Dare da Tafiya

Da la'asar ko magariba ayari ke komawa masauki. Maigida ya zazzage jaka a ƙirga. Tsarin da na gani shi ne, a fara cire kuɗin abincin dabbobi, sannan na mota, sannan na abincin mutane da abin da aka kashe wajen gaisuwa da neman izini. Abin da ya rage ne ake rabawa, kuma rabon yana bin girma. Yaro kan sami abinci da ɗan abin sayen sabulu, sauran haƙƙinsa kuma a ce yana wurin Maigida sai an koma gida. Ranar da kasuwa ba ta ci ba, dabbobi su ci, mutane su sha gari.

Dare ba hutu ba ne ga kowa. Lokacin da mutane ke jin barci, lokacin ne kura ke wartsakewa, ta riƙa jan sarƙa tana kuka. Karnukan gari su taru suna haushi. Don haka samari ke karɓa-karɓar gadi, suna kwana kusa da turke. Idan kuma gobe kasuwar wani gari ce, sai a yi lodi tun kafin asuba don a guje wa zafin rana. Samun direban da zai yarda ya ɗauki irin wannan kaya ma aiki ne, kuma kuɗinsa daban. Abin dariyar shi ne, motar da aka fi ɗauka ita ce wadda Hausawa ke kira a-kori-kura. A kowane shingen hanya sai an tsaya an yi bayani, an nuna takarda.

Yadda Yaro Ke Zama Gardi

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma a kan wannan tafarki gardanci yake. Mafi yawan yaran 'ya'ya ne ko ƙanne ko 'ya'yan 'yan'uwa. Tun suna ƙanana ake ba su jiƙo su sha, a yi musu wanka da magani, a kuma bar su su saba da warin dabbobin da motsinsu. Koyon yana da matakai. Yaro ya fara da ɗaukar kaya da shara, sannan a ba shi ganga ko faranti. Daga nan a damƙa masa igiyar ƙaramin biri. In ya nuna natsuwa a bar shi ya rataya mesa. Riƙon sarƙar kura shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba kowa ke kaiwa ba. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne karanta dabba: sanin lokacin da kura ta tayar da gashin bayanta, ko biri ya fara hamma yana nuna fiƙa, alamar cewa a ja da baya. Kusan duk babban gardin da na zauna da shi yana da tabo a hannu ko a ƙafa, shaidar ranar da aka yi kuskuren karatu.

Yadda Abin Yake a Wasu Ƙasashe

Turawa ma suna da irin wannan sana'a ta yawo da wasanni, wadda suke kira sakas. Ana danganta asalinta na zamani ga Philip Astley, wani tsohon sojan doki da ya fara nuna wasan dawaki cikin da'ira a Landan a shekarar 1768. Daga baya aka shigar da giwaye da zakuna da damisa. Amma a 'yan shekarun nan abin ya juya. Babban ayarin Amurka mai suna Ringling ya rufe a 2017, ya sake buɗewa a 2023 ba tare da dabba ko ɗaya ba. A Ingila an yi dokar hana yawon wasa da namun daji a 2019, ta fara aiki a watan Janairu na 2020.

Akwai kuma ayarin da yara ne zalla ke wasa a cikinsu. Circus Smirkus, wanda Rob Mermin ya kafa a jihar Vermont ta Amurka a 1987, yana ɗaukar yara masu shekara 10 zuwa 18, su yi yawon wasa gari-gari. Su ma suna taya aikin sansani kamar yaran gardawa, sai dai yawon nasu a lokacin dogon hutu ake yinsa, idan an koma makaranta su koma aji. A nahiyarmu, an kafa irin wannan ayari na yara a Adis Ababa ta Habasha a 1991, aka kuma kafa Zip Zap a Afirka ta Kudu a 1992. Jarinsu shi ne jikin yaran da ƙwarewarsu: tsalle, alkafura, tafiya kan igiya, kiɗa da barkwanci.

Wa Ke Shan Bugu?

Idan muka dawo kan karin maganarmu, za mu ga Bahaushe ya riga ya yi sharhi a kan wannan sana'a tun da daɗewa. Kura tana shan bugu a zahiri, domin da sanda da sarƙa ake horar da ita, ta yi rayuwarta cikin takunkumi. Kuraye kuma sun ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma, yawancinsu sai a gandun daji irin na Yankari. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Amma akwai mai shan bugu na biyu da karin maganar bai ambata ba, wato yaro. Shi ke tashi da asuba, shi ke kwana a bakin turke, shi ne kuma na ƙarshe a rabo. Mafi muni, watannin yawo sun faɗo ne a tsakiyar zangon karatu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, ta hana sa yaro aikin da zai cutar da shi ko ya hana shi karatu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta shekara tara na karatun farko.

Adalci ne kuma mu saurari gardi. Shi ma ba mai kuɗi ba ne. A kango yake kwana, ƙasa ɗaya da yaransa. Dabbar ita ce jarinsa, in ta mutu ya karye. Sana'ar da ya tarar ke nan a gidansu, da ita yake ciyar da iyali. Hugo da kansa ya nuna cewa kafin a zargi waɗannan mutane, ya kamata a tambayi dalilin da ya sa sai sun kamo namun daji kafin su ci abinci a ƙasa mai arzikin mai. A ganina, mafita tana cikin abin da yaran suka riga suka iya. Kiɗa da juyi da iya tara jama'a da magana ba su dogara da kura ba. 'Yan rawar koroso na Kano sun nuna cewa wasan motsa jiki na Hausa zai iya cika dandali a gida da waje ba tare da dabba ba.

Abin da Ya Shafe Mu Ɗaliban Harshe

Sana'a idan ta ja baya, kalmominta ne ke fara ɓacewa. Ɗalibai nawa ne a ajinmu suka san akayau, ko bambancin guru da kambu, ko cewa namijin kura shi ne kure, ko cewa sayaki wata irin kura ce mai zane-zane, ko cewa ana yi wa kura laƙabi da amina? Ga mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, ko bambanta kura da ƙura darasi ne, balle a zo ga kurar da 'yan garuwa ke turawa da kuma garin Kura na Jihar Kano.

Akwai batutuwan kundin digiri a nan da ba a gama taɓawa ba: salon tallar gardawa, sunayen da suke raɗa wa dabbobinsu (ɗaya daga cikin kurayen da Hugo ya ɗauka sunanta Mainasara), laƙubban yaransu, da yadda Hausarsu ke sauyawa idan sun shiga garuruwan da ba na Hausawa ba. Wanda zai je, ya je masauki da safe, domin a dandali ba su da lokacin kowa. Ya fara gaida Maigida, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya ko hoto, kada ya tambayi sirrin magani, kuma kada ya matsa kusa da turke sai an ce ya matso.

Kammalawa

A taƙaice, wannan muƙala ta yi bayanin ma'anar gardi, da dalilin da ya sa Abaji ta zama zangon gardawa, da yadda ayarinsu ke tafiyar da yini daga ɗibar ruwa da zuwa mahauta har zuwa gadin dare. An nuna cewa wasan dandali hanya ce ta tara jama'a don sayar da magani, kuma yara da dabbobi ne ke ɗauke da mafi yawan wahalar. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda garuruwansu ke kan hanyar Zuba zuwa Lakwaja, da su yi amfani da hutun rani mai zuwa su tattara abin da za su iya na kalmomi da zantukan gardawa, su kuma tambayi yaran ayarin ko aji nawa suka tsaya a makaranta.